Gangar da Na Kai Filin Ƙwallo

Sau ɗaya tak na taɓa ganin ƙanena yana buga ƙwallo, kuma kallon bai wuce minti ashirin ba. Shekara bakwai ya yi yana ci da wannan sana'a a Kano. Mutanen da ba su haɗa komai da shi ba sun kalle shi sun more, ni da muka fito ciki ɗaya abin da na samu ke nan. Har yau idan na gamu da wani dattijo da ya san shi a fili, sai in zaunar da shi in ce ya ba ni labari. Kowa abu guda yake faɗa, wai ba a wuce shi. To ni ban gani ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Mu mutanen Toranke ne. Babanmu manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, sai 'yan awaki a bayan gida. Ni ne babba, na ba ƙanena shekara shida. Ni aka fara sakawa a boko, na yi ta lallaɓawa har na zama malamin ofis a Gaya, ina rubuta wasiƙu ina buga hatimi ina hura hanci. Ni gajere ne siriri, baki kawai Allah ya ba ni, kuma bai rage min komai a ciki ba. Shi kuwa ƙanena tun yana ɗan shekara goma sha biyar ƙofar ɗakin Inna ta yi masa kaɗan, sai ya karkata yake shiga. Ga shi ba ya magana. Idan ka yi masa faɗa na awa guda, abin da za ka samu shi ne, "To, Yaya."

Ta wajen uwa gidanmu gidan kokawa ne. Kawunnanmu duk sun taɓa, shi ne ya gaje su. A lokacin, da an gama girbi an kai amfani gida, sai a share fage a bakin kasuwa bayan la'asar, samarin garuruwa su zo su gwada ƙarfi. Ƙanena ba ya ɓata lokaci wajen wasan hannu. Tsayawa yake yi ya zuba wa ƙugun mutum ido, da ka motsa sai ya sunkuya ya shige ƙarƙashinka, ya rungumi cinyoyinka biyu, ya ɗaga, ya maka ka da ƙasa. Kaye ɗaya ke gare shi, kowa ya san shi, kuma an rasa maganinsa. Ya kayar a Toranke, ya kayar a Ajingi, ya je Kademi ya kayar da wani ƙato mai 'ya'ya uku. Shi ke kaye, ni ke cika baki. Ranar da ya yi nasara har tafiyata canzawa take yi.

Akwai wani tsohon makaɗi a garinmu, mai ganga, haƙoransa jawur da goro. Shi ya yi wa ƙanena take. Duk ɗan kokawar da ya isa yana da kiɗan da aka ware masa shi kaɗai, shi ne takensa, kuma da shi ake kiransa fage. Na ƙanena gajere ne, bugu uku a jere sai ɗaya mai nauyi, mu kuma abin da muke ji gangar tana cewa shi ne, "Tare hanya, na Toranke, tare hanya." Na sha ganin ƙanena yana zaune yana cin tuwo, a kaɗa wannan take daga nesa, ya ajiye lomar ya miƙe bai ma sani ba. Tsigar jikinsa tashi take yi, idonsa ya kaɗa. Mu muna dariya, Inna kuwa ba ta so, takan ce wannan ganga ta fi ta iko da ɗanta.

Da yake an makara ba a sa shi makaranta da wuri ba, yana da shekara goma sha shida yana babbar firamare a Gaya, yana zaune a gidana. A nan ya haɗu da wani Ba'amurke, cikin samarin nan da ake turowa koyarwa a wancan zamani. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana Hausa a karkace amma ba ya jin kunyar yin ta. Ya taɓa bin mu Ajingi a kan keke ya ga ƙanena ya yi kaye. Bayan kwana biyu sai ga shi a ƙofar gidana da yamma, riƙe da wani hoto da ya yanko daga mujalla.

Wani ƙato ne a hoton, da hular kwano mai waya a fuska, an cusa masa wani abu a kafaɗu sun yi tudu. Ya sunkuya ya rungumi cinyoyin wani ya ɗaga shi sama. Da na gani na ce, "Ai wannan kayen ƙanena ne."

Ba'amurken ya ce, "Shi ya sa na kawo. A ƙasarmu akwai wata ƙwallo da ake ɗauka a hannu a ruga da ita. Wannan mutum aikinsa ya tsaya bayan sahun gaba, ya duba wa ya ɗauki ƙwallo, ya tare shi ya kayar. Sana'arsa ke nan. Da ita yake ci da iyalinsa, har ranar da gwiwarsa za ta gaji."

Na ce, "To ai kokawa ce, kun dai sa mata hula."

Ya yi dariya ya ce, "Da a can aka haifi ƙaninka, wannan aiki nasa ne. Amma a nan ba a yin ta. Wadda ake yi a nan, da ƙafa ake yi, kuma ba a kama mutum. Ina so in sa shi a baya ya riƙa tsare mana gida. Idonsa nake so, ba hannunsa ba."

Ƙanena yana gefe, hoton kawai yake kallo. Da baƙon zai tafi ya bar masa shi. Ya sa shi a cikin littafin lissafinsa, daga baya ya koma ƙasan akwati.

Haka ya fara ƙwallo. Wahalar da ya sha ba ta gudu ba ce, ta hannu ce. Duk wanda ya nufo shi da ƙwallo, hannuwansa ne ke fara tafiya, sai a busa usur a ce ya yi laifi. Da abin ya ishe shi sai ya samo wa kansa dabara. Da ya ga mutum ya taso masa, sai ya damƙe gefen gajeren wandonsa da hannu biyu, ya riƙe gam, ya bar ƙafa da ido su yi aiki. Ban san wannan daga fili ba, daga igiyar shanya na sani. Duk wandon ƙwallonsa a yage yake ta gefe biyu, wuri ɗaya kullum. Inna ta ɗinke ta ɗinke har ta gaji ta riƙa sa masa ƙyalle biyu a wurin.

Filin makarantar nan, daga tagar ofishinmu ana jin usur. Ban taɓa zuwa ba. A ganina wasan yara ne, ƙato kamar wannan ya bar fagen maza ya koma bin fata da gajeren wando. Kuma gaskiyar magana, wadda ban faɗa wa kowa ba a lokacin, haushi nake ji. A kokawa ni yayan gwani ne, kowa ya san ni. A ƙwallo ban san komai ba, ban san inda zan sa bakina ba.

Ba'amurken ya koma ƙasarsu wajen lokacin da yaƙin basasa ya taso, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a daɗe ba wani mutum daga wata masaƙa a Kano ya ga ƙanena a wasan makarantu, ya ce suna so. A wancan zamanin, manyan masana'antu suna da ƙungiyoyin ƙwallo. Za a rubuta sunanka a cikin ma'aikata, amma aikinka na gaskiya a fili yake, kuma ranar da ka fita daga ƙungiya ka fita daga aiki. Baba ya sa albarka. Ni kuwa na yi ta zuba, na ce ya watsar da gadon gidanmu, na ce zai dawo da ƙafa a karye da aljihu a bushe. Ya bari na gama ya ce, "To, Yaya." Washegari ya hau mota.

Shekara bakwai. Yakan zo da salla, ya kawo wa Inna atamfa da sabulu, ya taya Baba aiki kwana biyu ya koma. Ya yi aure, ya samu 'ya mace. Idan muka zauna muna taɗin damina da na dangi, ba na tambayarsa ƙwallo, shi ma ba ya ɗauko ta. Amma duk Asabar da yamma ina shagon wani tela a bakin kasuwar Gaya, inda ake kunna rediyo a ji wasa. Nakan ce ɗinki na zo dubawa. Riga ɗaya na yi wata uku ina duba ta.

Abin da rediyon nan ya yi min ba kaɗan ba ne. Mai sharhi zai yi ta kiran sunan masu kai hari, wane ya ɗauka, wane ya yanke, wane ya zura a raga. Ƙanena kuwa sai a gama wasa ba a ambace shi ba, in an ambata ma sau ɗaya ne a gurguje. Telan nan mai tsokana ne. Rannan ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Malam, anya ƙanin nan naka ba ruwa yake ɗebo musu ba?" Aka kwashe da dariya. Na ce musu su jahilai ne, na fice, na bar hulata a kan benci. Maganar ta yi min ciwo. Yaron da gari guda ke tashi idan an kaɗa takensa, ya koma wurin da ko sunansa ba a kira.

Ana nan, wata ranar Laraba da rani, na taso daga ofis na tarar da shi a zaure yana jirana. Ba salla ba, ba rasuwa ba. Bayan mun gaisa an kawo fura, ya daɗe yana juya ludayi kafin ya yi magana.

Ya ce, "Yaya, ranar Asabar ta sama muna da wasa. Akwai mutanen da za su zo su zaɓi waɗanda za su buga wa jiha. Kocinmu ya ce sunana yana bakinsu."

Na ce, "To madalla."

Ya ce, "Shekarata ashirin da biyar, gwiwar nan ta hagu ta fara magana. In ba a ɗauke ni bana ba, ba na jin akwai baɗi. In kuwa an ɗauke ni, ko na daina bugawa zan samu aikin koyarwa, in zauna a cikin abin." Sannan ya ce, "Ina so ka zo ka gan ni. Kai kaɗai."

A tsawon rayuwarmu bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Daɗi ya kama ni. Na ce zan duba in ofis ya bari. Da ya tafi na kasa zama. Wannan "kai kaɗai" kuwa na ɗauke ta kunya ce irin tasa, ba ya son a yi masa taro.

A wajenmu namiji ba ya shiga fage ba makaɗi. Wanda ya shiga shiru, ko dai baƙo ne ko marar gata. Sai na ga ai ga abin da ya rasa duk shekarun nan, ga dalilin da ya sa rediyo ba ya kiran sunansa. Yana can cikin mutanen birni ba mai kiransa, ba mai tuna masa ko shi wane ne. Ranar da za a zaɓe shi kuwa, ranar ce ya fi buƙata. Na hau keke ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na nufi Toranke, ban ko biya gida ba na wuce wurin tsohon makaɗi.

Ya saurare ni yana tauna goro. Ya ce, "Malam, can ɗin ma fage ne?"

Na ce, "Fage ne, har ya fi namu girma."

"Akwai kaye?"

Na ce, "Baba, kai dai ka zo ka ƙarfafa masa gwiwa."

Ya girgiza kai ya ce, "Take ba abin wasa ba ne, ɗana. Ni ban iya kaɗa shi rabi ba. In na kira shi zai amsa."

Na ce ai abin da nake so ke nan. Na yi ta yi masa daɗin baki har ya yarda. Tsohon ya gaya min gaskiya tun a zaurensa, ni ne ban da kunne.

Ranar Asabar muka hau babbar mota daga Gaya, muka bi ta Wudil, gangar tana cikin buhu a tsakanin ƙafafunsa. Mun isa Kano da azahar. Ban nemi ƙanena ba, so nake ya ji mu kafin ya gan mu. Muka shiga ɓangaren masu tsayuwa, muka kutsa har gaba kusa da wayar da ta kewaye filin, daidai gefen da ƙungiyarsu take tsaron gida. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Da suka fito na gane shi tun daga nesa, da lamba biyar a bayansa, ya fi kowa faɗi. Ƙirjina ya cika.

Aka busa. Yanzu zan faɗi abin da na gani a cikin minti ashirin ɗin nan, don shi ke nan abin da nake da shi, na kuma juya shi a raina ya fi a ƙirga. Yana tsaye a baya, yana ɗan takawa hagu da dama, yana yi wa na kusa da shi nuni da kai. Abokan karawarsu suna da wani ɗan siriri mai gudun tsiya, shi ne abin tsoro. Sau uku yaron nan ya taso da ƙwallo ya nufo shi. Duk sau ukun ƙanena ya damƙe gefen wandonsa, ya ɗan rage tsawo, ya yi taku ɗaya zuwa gefe. Shi ke nan. Sai yaron ya tsaya, ya juya, ya mayar da ƙwallo baya. A na ukun ma ƙanena ya sa ƙafa a hankali ya zare ta, ya tura wa na gaba. Wani mutum a kusa da ni ya ce wa abokinsa, "Ka ga mai lamba biyar ɗin can? Tun kafin ka yi tunani ya riga ka isa wurin."

Ni kuwa abin da na gani shi ne ƙanena bai yi komai ba. Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya yi ihu. Na hango manyan baƙi a rumfa, na ce a raina, yaya za a yi su zaɓi mutumin da yake tsaye kawai riƙe da wando? Na zunguri tsoho na ce ya fito da ganga.

Ya fara a hankali. Filin cike yake da hayaniya, akwai masu busa, akwai masu buga gwangwani, ban zaci ma zai ji ba. Bugu uku, sai ɗaya mai nauyi. Na ga kansa ya ɗago kamar an kira shi daga barci. Ya waiga, ya sake waigawa. Daidai nan aka jefo wa ɗan siririn nan ƙwallo, ya tare ta, ya taso a guje, ba kowa tsakaninsa da mai tsaron raga sai ƙanena. Na ce, "Baba, kaɗa." Tsoho ya saki hannu.

Da idona na ga ya saki wandon.

Ya sunkuya, ya shige ƙarƙashin yaron, ya rungumi cinyoyinsa biyu, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da ƙasa. Kaye ne mai kyau, ban taɓa ganin ya yi wanda ya fi shi ba. Na ɗaga hannu biyu na kurma ihu, na kira sunan garinmu. Ba zan ɓoye ba, a wannan ɗan lokaci ba wanda ya kai ni farin ciki a duniya. Sai na lura ni kaɗai nake yi. Filin ya yi tsit, sannan ya ɓarke da zagi. Yaron yana kwance yana birgima riƙe da kafaɗa. Alƙalin wasa ya rugo yana busa, ya nuna wa ƙanena waje.

Ƙanena yana tsaye yana kallon hannuwansa. Ya durƙusa zai taɓa yaron, aka ture shi. Da ya juya zai fita sai ya bi wayar da ido har ya same mu. Ya dube ni, ya dubi tsoho da gangarsa. Bai ɗaure fuska ba, bai girgiza kai ba. Ya sunkuyar da kai ya wuce. Tsoho ya mayar da ganga cikin buhu ya ɗaure bakin.

Mun same shi a bayan rumfa, zaune a kan wani bulo yana kwance igiyar takalmi. Kocinsu yana tsaye a kansa yana faɗa, yana cewa shekara bakwai bai taɓa ko jan rigar wani ba, sai yau, gaban waɗannan mutane, me ya shiga kansa? Shi kuwa ya ci gaba da kwance igiyarsa. Da ƙanena ya gan mu ya miƙe, ya rusuna wa tsoho ya ce, "Baba, kun zo lafiya? Ya mutanen gida?" Sannan ya ce da ni, "Yaya, kun ci abinci?" Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shi ya raka mu tasha, ya tsaya har motar ta tashi.

Ƙashin kafaɗar yaron ya karye. Ƙanena ya yi ta zuwa asibiti duba shi har aka sallame shi. Masu hukunci suka dakatar da shi na dogon lokaci, maganar jiha ta mutu, masaƙa kuma ba ta da abin yi da ɗan wasan da ba ya wasa. Bai gaya wa kowa dalili ba, don na bincika daga baya, ko kocin bai taɓa jin labarin ganga ba. Kafin ruwan farko ya kwaso matarsa da 'yarsa ya dawo Toranke, Baba ya yanka masa gona. Mutane suka ɗauka zai koma kokawa, har aka yi ta aiko masa. Bai koma ba. Tsohon makaɗi ma har ya rasu ba a sake jin ya kaɗa wannan take ba.

Ni kuma bakin nan nawa ya mutu a kan wannan magana. Nakan je gida duk ƙarshen wata, mu gaisa, mu ci abinci kwano ɗaya. Sau da yawa na shirya abin da zan ce tun daga Gaya, in zo ina maimaitawa a kan keke, da na gan shi sai in tambaye shi ya gyaɗa. Na daina zuwa shagon tela. Shekara uku muna haka.

Wata rana da kaka na same shi a gona ana cirar gyaɗa. Muna tsaye a bakin kunya sai wani bunsuru ya tsinke igiya ya taso a guje zai faɗa cikin waken maƙwabci. Ƙanena yana kan hanyarsa. Na ga hannuwansa sun tafi gefen wandonsa sun damƙe, ya ɗan rage tsawo, ya yi taku ɗaya. Bunsurun ya ci birki, ya juya ya koma inda ya fito. Na fara dariya, sai dariyar ta maƙale min. Na zauna a kan kunya.

Na ce, "Ka yafe min maganar gangar nan."

Ya zauna kusa da ni, ya ɗauki gyaɗa ɗaya yana ɓarewa. Ya ce, "Ai ban riƙe ka ba, Yaya. Gangar tawa ce, ni na amsa."

Na ce, "Na raba ka da sana'arka."

Ya ce, "Gwiwar ma da ta raba mu, ko ba daɗe ko ba jima." Ya jefa gyaɗar a baki. Sannan ya ce, "Abin da ya tsaya min ɗaya ne. Shekara tara na yi ina koyon tare mutum ba tare da na taɓa shi ba. Ban taɓa yin abu mai wuya kamarsa ba, kuma na iya. Shi na kira ka ka gani. Sai ka zo ka ga wanda ka riga ka sani."

 Muka tashi muka ci gaba da cirar gyaɗa har rana ta yi sanyi.

Washegari da safe ina ɗaure kaya a bayan keke ya fito daga ɗakinsa da wata takarda a ninke. Hoton nan ne na Ba'amurke, ya yi ja, gefensa ya cinye. Ya miƙo min ya ce, "Riƙe wannan, Yaya. Kai ka fi ni son irin wasansa." Ba da gatse ya faɗa ba, har da ɗan murmushinsa. Na karɓa na sa a aljihu.

Ya rasu shekaru da dama yanzu, a Toranke, manomi mai rufin asiri. Ina kewarsa, kuma kewar ba ta raguwa da tsufa. Jikokina suna yi min dariya idan ana kallon ƙwallo a talabijin, wai Kaka ba ya bin ƙwallo da ido, kullum yana kallon inda ba a komai. Gaskiyarsu ne. Na baya nake nema, wanda yake tsaye yana takawa hagu da dama, amma na'urar ɗaukar hoton ba ta daɗewa a kansa, ita ma ƙwallo take bi.

Hoton yana nan a akwatina. Wani ƙato ne daga Amurka, ban san sunansa ba, ban san ko ya daɗe a sana'arsa ba, ya rungumi cinyoyin wani ya ɗaga. Na tambayi matar ƙanena, na tambayi abokan wasansa biyu da na samu a Kano, ko akwai wanda ya ajiye hotonsa yana tsaye a fili riƙe da gefen wandonsa. Ba wanda ya ɗauka.